Fitilar da Ta Kori Inuwa

Bakin ɗan Adam wuri ne mai wuyar ɗauka a hoto. Rami ne mai zurfi, a jiƙe, ƙofarsa ƙarama, kuma duk inda ka ajiye fitila sai wani abu ya tare ta. Ka sa ta sama, leɓe ya yi wa haƙoran gaba inuwa. Ka sa ta gefe, kunci ya rufe na ciki. Ka matso da kyamara don ka ga abin da kake nema, sai ita kanta kyamarar ta shiga tsakanin fitila da haƙori. Wannan ce matsalar da wani Ba'amurke mai suna Lester Dine ya warware a 1952. Ya lanƙwasa bututun filashi, wato fitilar nan mai walƙiya ta masu hoto, ya mai da shi da'ira, ya kewaye gilashin kyamara da shi. Daga nan haske ya riƙa fitowa daga inda idon kyamara yake, duk abin da gilashi ya hango haske ya riga ya isa wurin.

Mutane kan ce filashin zobe haske ne marar inuwa. Na fahimci abin da ya sa ake faɗin haka, amma maganar ba daidai take ba. Babu abin da haske zai faɗa wa bai yi inuwa ba. Abin da Dine ya yi shi ne ya tura inuwar ta koma bayan abin da ake ɗauka, daidai wurin da abin da kansa ya kare wa kyamara. Hausawa sun daɗe da lura cewa inuwa ba lallai ta faɗi a gindin mai ita ba, shi ya sa suke yi wa giginya gorin cewa na nesa ka sha inuwarta. Ta filashin zobe kuwa bango ne kaɗai ke shanta. In mutum ya tsaya dab da bango aka ɗauke shi da irin wannan fitila, za ka ga wani siririn duhu ya bi gefen jikinsa kaf, kai da kafaɗa da hannu, ko'ina kauri ɗaya. Iyakar abin da ya leƙo ke nan daga inuwar da aka ɓoye.

Abin da aka ƙera don baki bai tsaya a baki ba. A 1962 kamfanin Nikon na Japan ya fito da gilashin Medical-Nikkor mai milimita 200, da zoben a gine a jikinsa, don aikin asibiti. Masu binciken laifi suka ɗauka, masu ɗaukar ƙwari da furanni suka ɗauka. Sai masu hoton ado: Clifford Coffin ya yi aiki da fitilar zobe a mujallar Vogue a shekarun 1950, Helmut Newton ya sake tayar da yayinta a shekarun 1970. Su abin da wasu ke kira aibi shi ne ya burge su, fuska fes ba lungu ba saƙo, da siririn duhun nan a bango, da ɗan farin zobe a ƙwayar ido. Yau jikanyarta ce ta cika duniya, zoben LED da ke zama a kunne ba ya walƙiya, wanda ya bazu a 2020 lokacin da korona ta tsare mutane a gida suna taro ta Zoom. Da wuya ka samu mai kwalliyar amare a Kano ko Kaduna da ba ta san shi ba, haka 'yan TikTok. Rin-layit suke ce masa.

Duk wanda ya daɗe yana aiki da zoben nan, wata rana sai ya zo da ƙorafi guda: hasken ya yi kaushi, ina so ya yi laushi. A nan nake so in ɗan zauna, don kalmomin biyu duk na hannu ne. Tabarma ce ke da kaushi, auduga ce ke da laushi, ba wanda ya taɓa shafa haske. Amma ka nuna wa wanda bai taɓa riƙe kyamara ba hotuna biyu, ka tambaye shi wanne ne haskensa ya fi laushi, ba zai yi kuskure ba. To me ya gani?

Akasarin masu farawa a nan suke tuntuɓe. Suna jin laushi da rauni abu ɗaya ne, sai su rage ƙarfin filashi, hoto ya fito da duhu, kaushinsa na nan yadda yake. Abin da ido ke karantawa yana bakin inuwa ne, wurin da haske ke ƙarewa duhu ya fara. In iyakar ta yanke tsaf, ido ya ce kaushi. In ta tafi a hankali, haske na raguwa kaɗan-kaɗan har ka rasa inda za ka ɗora yatsa ka ce nan ne iyaka, ido ya ce laushi. Wato da halin inuwarsa muke siffanta haske. Abin da ke yanke wannan hukunci kuwa guda ɗaya ne, girman fitila kamar yadda abin da ake haskawa yake ganinta. In fitila ƙarama ce, kowane ɗigo a jikin bango ko dai yana ganinta gaba ɗaya ko ba ya ganinta sam. In babba ce, akwai wurare da yawa da ke ganin rabinta, ko sulusinta, ko ɗan gefenta, kuma waɗannan wuraren su ne laushin.

Rana ce babbar hujja. Faɗinta ya kai kilomita miliyan 1.39, amma tana nesa da mu da kimanin kilomita miliyan 150, don haka a sararin sama ba ta cin abin da ya wuce wajen rabin digiri. Ka miƙa hannu, ɗan yatsa ma ya rufe ta. Ga mai hoto rana ƙaramar fitila ce, kuma ranar da aka yi ruwa gari ya washe, inuwarta kaifi gare ta. Sai hunturu ya zo, iska ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta shimfiɗa mana a sama. Ranar da hazo ya yi kauri, duba ƙasa ka nemi inuwarka, da ƙyar za ka ga alamarta. Rana tana nan inda take. Kowace ƙwayar ƙura ce ta tare ɗan haske ta karkatar da shi, har sararin sama duka ya zama fitila tun daga gabas har yamma. Mai sa wa filashi mayafi hazo yake ƙoƙarin haɗawa, ɗan ƙarami, daidai bakin kyamararsa.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa dabarar da kowa ke fara gwadawa ba ta cika aiki ba. Mutum ya samu farar takarda ko ƙyalle ya manna a fuskar zoben, ya ɗauka, ya ga bambancin bai taka kara ya karya ba. Ai mayafin da ya manne da bututu girmansa girman bututun ne. Fitila ba ta ƙaru ba, an dai ci mata haske. Sai an bar rata tsakaninsu, ko da ta 'yan santimita ce, yadda haske zai samu filin buɗewa ya cika mayafin daga gefe zuwa gefe. A lokacin mayafin ya zama shi ne fitilar, bututun ya koma mai ba shi wuta daga baya. Masu ɗaukar ƙwari sun fi kowa ƙwarewa a wannan ƙere-ƙere. Za ka ga mai kyamarar da ta ci dubban daloli ya naɗa mata shara-sharar takardar masu zane, ko farin soson da ake naɗe kayan lantarki da shi, ko ya huda gindin farar robar yogot ya zura gilashi ta ciki. Abin yana da farashi. Mayafi kan cinye rabin hasken, wani har kashi uku cikin huɗu, sai an ƙara wa filashi ƙarfi, jiran da ake yi tsakanin walƙiya da walƙiya ya ƙaru, ƙwaro kuwa ba zai jira ka ba. Takardar da ido ke gani fara tana iya rina hoton da ɗan rawaya ko shuɗi, abin da likita mai daidaita launin haƙorin roba da na gaske ba zai yafe ba. Wannan duka sana'a ce, da gwaji ake koyonta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina daban ne. Ga ƙwaron da bai kai ƙwayar wake ba, zoben da ke tazarar santimita 10 daga gare shi ya cinye masa babban yanki na sama. Bisa ƙa'idar da muka faɗa, ai haskensa mai laushi ne tun asali. To me ya sa mai hoto ke ƙorafi har yanzu? Saboda wani abu ne daban ke damunsa, ya rasa sunansa ya kira shi kaushi. Sunansa ƙyalli.

Hausa ba ta haɗa haske da ƙyalli wuri ɗaya ba, kuma tana da gaskiya. Da haske ake gani. Ƙyalli shi ne wanda muke cewa ya kashe mana ido. Idan haske ya faɗa wa abu, hanya biyu yake dawowa. Wani kaso ya ɗan shiga cikin abin, ya yi yawo tsakanin ƙwayoyinsa, a shanye wasu launukansa, saura ya fito ta kowace fuska ɗauke da launin abin: jan dasashi, koren ganye, ruwan ƙasan fata. Wannan shi ke kawo labari. Wani kason kuwa ko shiga ba ya yi. Daga sama yake tashi, ta kusurwa daidai da wadda ya sauko, bai ɗauko komai ba sai kamannin fitilar da ta aiko shi. Dokar kusurwar nan tsohuwa ce, Girkawa sun san ta, kuma Hasan Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya bi ta da gwaji filla-filla a Kitabul Manazir da ya rubuta tsakanin 1011 da 1021. Shi ne kuma ya kafa hujjar cewa gani na faruwa ne da hasken da ke shiga ido daga abubuwa, ya rushe ra'ayin masu cewa ido ne ke fitar da haske ya laluɓo abin da yake kallo. Akwai abin murmushi a nan. Shekara fiye da 900 bayan haka, sai ga Dine ya ƙera wannan idon da hannunsa.

Ido mai fitar da haske kuwa yana da cuta guda: duk inda ya duba, kansa yake gani. Kowane wuri mai santsi da ya fuskanci kyamara kai tsaye zai mayar da hasken ta hanyar da ya zo, hanyar kuma cikin gilashi take ƙarewa. Jiƙaƙƙen haƙori, bayan buzuzu, idon gizo-gizo, goshin da ya yi gumi, kowannensu sai ya fito da farin zobe ko farin tabo a tsakiyarsa. Farin nan hoton filashin ne. Ka je ɗaukar ƙwaro ka dawo da hoton fitilarka, kuma daidai wurin da ta zauna duk abin da ke ƙarƙashi ya goge, babu manhajar da za ta dawo da shi tunda ba a taɓa ɗaukarsa ba. Jan-idon da ke fitowa a hoton dare ma daga nan yake, haske ne ya shiga ta ƙwayar ido, ya bugi bangon ciki mai cike da jijiyoyin jini, ya fito ta inda ya shiga. Gwargwadon kusancin fitila da gilashi gwargwadon tsananinsa, kuma babu fitilar da ta fi zobe kusa.

Mayafi ba ya kashe ƙyalli, shimfiɗa shi yake yi. Hasken da ya taru a siririn zobe yanzu ya bazu a fili mai faɗi, kowane ɗigo ya ɗauki kaɗan, har launin da ke ƙasa ya samu damar leƙowa ta cikinsa. A nan ma harshe ya riga mu isa, don yana da kalma ta uku. Fuskar amarya in ta yi ƙyalli, mai ne ya yi mata yawa. In yabo ake so, cewa ake yi tana sheƙi, kamar yadda ake faɗa wa rawani ɗan Kura da ya sha bugu. Sheƙi ƙyalli ne da ya bi siffar abu, ya lanƙwasa inda abin ya lanƙwasa, ya nuna maka tudu da gangare. Duk aikin mayafi mai da ƙyalli sheƙi ne. Masu son su kawar da shi ɗungurum suna da hanyarsu, a sa wa fitila wani mataci mai barin haske ya wuce ta fuska ɗaya kawai, a sa wa gilashi irinsa a gicciye. Hasken da ya tashi daga sama bai sauya ba, sai mataci na biyu ya tare shi. Wanda ya shiga ciki ya hargitse shi kaɗai zai wuce. Likitocin haƙori na yin haka idan launi kaɗai suke nema. Amma kalli hoton, haƙori ya fito a bushe, ba rai. Ashe ɗan sheƙin nan shi ke gaya mana abu a jiƙe yake, ko santsi gare shi.

Wannan batu ya shafe mu fiye da yadda littattafan koyon hoto suka nuna. Fata mai duhu tana shanye mafi yawan hasken da ya shiga cikinta, amma abin da ke tashi daga samanta kusan daidai yake da na kowace fata. Saboda haka tazarar da ke tsakanin tabon ƙyalli da launin fata ta fi faɗi a fuskar baƙin mutum. Ka buga masa ƙaramar fitila daga gaba, sai goshi da karan hanci da kumatu su yi fari tas, sauran fuska ta nutse. Mun sha ganin wannan a hotunan biki da na fasfo, har wasu suka ɗauka haka Allah ya yi su a hoto. An yi ta maganar laifin fim, kuma yana da shi: shekaru da dama kamfanin Kodak na raba wa masu wanke hoto katin gwajin launi mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, kuma binciken da Lorna Roth ta wallafa a 2009 ya nuna cewa cikin waɗanda suka matsa aka gyara yadda fim ke ɗaukar ruwan ƙasa har da masu cakulan da masu kayan katako. Sai dai fim rabin maganar ne, ɗaya rabin fitila ce. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, ya fitar da fuskokin mutanen Mali da cikar siffar da har yau ake tsayawa kallo, kuma akasarin aikinsa a tsakar gida ya yi shi da hasken gari. A fuska mai duhu sheƙi ne ke zana siffa, don haka sai an ba fata abu mai faɗi da za ta mayar.

To a ce an yi mayafi mai kyau, ƙyalli ya zama sheƙi. Saura abu guda da mayafi ba zai iya ba, matuƙar hasken na kewaye da gilashi daidai wa daida: hoton zai fito a shafe. Dama da hagu haske ɗaya, sama da ƙasa haske ɗaya, kumburi da rami ba bambanci. Wanda ke son ganin haka da idonsa ya ɗaga kai daren sha huɗu. A wannan dare rana na bayanmu, tana haska wata daga ɓangaren da muke kallonsa, kuma duk da shi ne daren da ya fi haske, shi ne wanda masu na'urar hangen nesa suka fi rainawa, don faifai ne kawai mai dabbare-dabbare. Duwatsunsa da ramukansa sai a daren bakwai ko takwas, a bakin iyakar haske da duhu, inda rana ke bugun su daga gefe. A nan masanin taurari Galileo ya zura ido a ƙarshen 1609, ya ga inuwoyi na sauyawa dare bayan dare, ya ce wata ba sumul yake ba kamar yadda malaman zamaninsa suka ɗauka. Da aka zo saukar da kumbon Apollo 11 a kan wata a Yulin 1969, an zaɓi lokacin da rana ta ɗago da kimanin digiri 10 kawai a wurin saukar, don matuƙa su ga inuwar kowane dutse da kowane rami.

Masu ƙera filashin zobe sun san wannan. Zoben Canon MR-14EX, alal misali, bututu biyu ne, rabi da rabi, kuma ana iya sa ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi har ninki takwas, ko a kashe ɗaya gaba ɗaya. Bayan an sha wahalar korar inuwa, an dawo ana sayar da maɓallin da zai dawo da ita.

Mu da muka tashi a ƙasar rana bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. A bakinmu inuwa da duhu ba uwa ɗaya ta haife su ba. Duhu ake tsoro, da duhun kai ake zagi, inuwa kuwa shanta ake yi. Wanda ya samu mai riƙe shi ya shiga inuwa, waɗanda suka ɓata ba sa shan inuwa ɗaya, har suna muke kiran 'ya'yanmu da ita. Duhu rashin haske ne. Inuwa ba ta samuwa sai da haske, kuma sai da wani abu mai jiki da ya tsaya a gabansa. Shaida ce cewa akwai abu a wurin, mai tsawo kaza, mai kauri kaza. Mun iya yabon haske, muna roƙon Allah ya haskaka zukata da makwanci, muna cewa malam ya ba mu haske a kan mas'ala. Amma bayanin da ya haska kowane gefe daidai wa daida, bai sa wani abu gaba wani baya ba, mai sauraro kan tashi bai san me ya fi me nauyi ba. Na sha karanta rahoto irin wannan. Komai na ciki, komai a fili, ka gama ba ka kama komai ba.

Akwai masu ganin mayafi ha'inci ne. A wurinsu filashi tsirara shi ne mai gaskiya, mayafi kuwa kayan masu son a ɓoye musu kurajen fuska. Ra'ayin na da tarihi. A 1887 Adolf Miethe da Johannes Gaedicke suka haɗa garin walƙiya na maganiziyam a Jamus, kuma kafin a daɗe ɗan jarida Jacob Riis ya fara kutsawa da irinsa cikin ɗakunan talakawan New York da tsakar dare, ya kunna, ya ɗauki mutane a firgice ko cikin barci. Littafinsa na 1890 ya girgiza birnin, kuma shi da kansa ya ba da labarin yadda ya taɓa cinna wa ɗaki wuta garin haka. Tun daga lokacin, fari tas ɗin filashi ya zama a idon mutane launin gaskiya, hasken ɗan jarida da ɗan sanda.

Ban yarda ba. Mutanen Riis haka suke a cikin ƙiftawar da baƙo ya fasa musu dare da wuta, ba haka maƙwabtansu suka san su ba. Babu idon da ya taɓa ganin fuskar mutum yadda filashin zobe ke nuna ta, don babu mai fitila a kewayen idonsa, kuma farin tabon da ke goshi ba a goshin yake ba. In batun gaskiya ake, mayafin da ya janye hoton fitila ya bar launin dasashi ya fito ya fi kusa da ita, kuma likitan da ke neman alamar ciwo a jiƙaƙƙen nama shi zai fara gaya maka haka. Inda masu wancan ra'ayi suke da hujja shi ne, haske mai laushi da ke fitowa daga gaba yana shafe ƙananan ramuka da tabo, tunda ya hana su inuwar da za ta nuna su. Ina jin shi ya sa masu kwalliya ke son rin-layit, yana rufa wa aiki asiri. Amma laushin haske daban, inda aka dasa fitila daban. Hasken taga mai laushi ne, daga gefe yake zuwa, kuma yana nuna kowane gashi da kowane layin fuska ba tare da ya kashe ido ba.

Ga mai filashin zobe a jaka, ko mai rin-layit a shago, shawarata ba ta da tsada. Nemi farin abu mai barin haske ya ratsa, wanda ya fi zoben faɗi, ka bar rata tsakaninsa da fitila, ka matso da shi kusa da abin da kake ɗauka gwargwadon iko ba tare da ya shiga hoto ba. Ka rage ƙarfin rabi guda na zoben, in kuma fitilarka ba ta da wannan maɓalli, ka ninka mayafin a gefe ɗaya. In fuskar mutum ce, musamman mai duhun fata, cire wayar daga tsakiyar zoben, ka gusar da fitilar gefe kaɗan, sama da ido kaɗan, ka ɗauka ka kwatanta da na da. Kada ka bar takarda ta manne da bututu kana ta walƙiya a jere, zafi na taruwa. Duk ƙere-ƙeren da za ka yi kuma, yi shi daga waje: a cikin filashi akwai ma'ajiyar wuta mai riƙe wajen bolt 300 ko bayan an cire batir, kada ka kwance shi.